Sha Uku Bisa Ashirin

Shekara shida ina kan babur a Garwa,
daga Yalwa zuwa gadar Binuwai,
ban taɓa duban kan fasinja ba,
aljihunsa nake dubawa.
Ranar da motar auduga ta karya min ƙafa
aka ce, Talle, nemi sana'ar zama.

Na zauna.
Wata tara a gaban Malam Bawuro,
shi da alli maƙale a kunne,
ni da kwalin sabulu da almakashi mai giɓi.
Kafin allura, in ji shi, akwai awo,
kafin zare akwai kwali.
Wanda ya yi wa kwali ƙarya,
yadi zai tona shi a tsakar kasuwa.

Daga goshi, ka bi saman kunne,
ka zagaya ƙeya ka dawo gida.
Hamsin da bakwai. Hamsin da takwas da rabi.
Bar santimita guda don bakin ɗinki,
bar rabi don ranar wanki,
hula ma tana ramewa in ta sha ruwa.
Sau nawa na yanka faifan sama
ya ɗaga shi ga hasken taga
ya ce, wannan murfin tukunya ne.
Kai ba ƙwarya ba ne, yaro,
ba da kamfas aka zana ɗan Adam ba.

Ranar gwaji ta faɗo Talata.
Mu sha ɗaya, gumi na ɗiga kan takarda.
Madam Ngono ta taso daga Yawunde
da jan biro, da agogo ta kwantar a tebur.
Ta faɗi doka da Faransanci,
Malam ya maimaita da Fillanci,
zuciyata ta buga da Hausa.
Kan katakon da ake awo da shi, gara ta cinye,
sai aka kira mai gadi.

Baba Kacalla ya cire hularsa a kunyace
kamar an ce ya yi waƙa gaban surukai.
Sanƙo fes, da ƙullutu bayan kunnen hagu
inda jaki ya shure shi a Kusiri
tun bai san kuɗi ba.
Kowa ya ɗora tef, ya rubuta, ya wuce.
Ni na tsaya na taɓa wurin da yatsa.
Ya ce ƙasa-ƙasa,
nan ne kowace hula take cizona.

Na koma benci.
Na kusa da ni sun fitar da da'ira kamar watan sha huɗu.
Tawa ta fito kamar ƙwan zabuwa,
ta karkace hagu, ta yi ciki.
Hannuna ya so gogewa.
Ban goge ba.

Madam ta aza rula, ta yamutsa fuska,
ta juya kwalin, ta sake juyawa.
Aka haɗa na kowa da gam, ɗaya bayan ɗaya
aka ɗora wa tsoho.
Wata ta tsaya a ƙoli kamar tsuntsu kan shanu,
wata ta rufe masa ido.
Tawa ta sauka, ta zauna, ta yi shiru.
Ya kaɗa kai sau biyu, ba ta motsa ba.

Sha uku bisa ashirin.
An cire biyu don na manta alamar tsayin zare,
ɗaya don tabon shayi a gefen kwali,
sauran huɗun ban tambaya ba.
Malam bai ce komai ba,
ya dai zare allin kunnensa ya karya biyu,
ya miƙo min babban.

Takardar shaida tana ƙasan akwati.
Abin da na rataye a ƙusa bisa keken ɗinki
kwalin nan ne mai ciki,
da sunan Baba a rubuce da fensir.
Ya zo ran Juma'a da jaka biyu a ƙulle cikin leda,
yana son shuɗiya.